Tarihin kaurin waya: abin da lambar 1,5 da 2,5 ke nufi ga gidajenmu

Bazara ta kama, kuma kowa ya san abin da ke tafe da ita a garuruwanmu. Fanka ba ta hutawa, firigo na kuka dare da rana, mai kilim ya kunna abinsa, sai kuma labarin gobara ya fara yawo, yau shago a kasuwa, gobe ɗaki a unguwa. In ka tambayi mafari, amsar kusan guda ce: "kuran ne." To amma kuran ba ya tashi haka kawai ya cinye gida. Sau da yawa laifin yana cikin bango ko bisa filafon, a jikin wata ƴar siririyar waya da aka ɗora wa kayan da ya fi ƙarfinta. Shi ya sa yau muke so mu bi tarihin wannan lamba da ake rubutawa a jikin waya, mu ga inda ta fito, yadda ta iso mu, da dalilin da ya sa mu ƴan Nijar ya kamata mu fi kowa kula da ita.

JAN ƘARFE BA BAƘO BA NE A ƘASAR NAN

Abin da ke cikin waya jan ƙarfe ne, kuma kakanninmu sun san shi tun kafin a yi mafarkin kuran. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Batuta ya sauka Takadda, garin da masana ke dangantawa da kufan Azelik, can wajen In Gall a jihar Agadas. Ya tarar ana haƙo jan ƙarfe ana narkawa, ana zuba shi sanda-sanda, wasu masu kauri, wasu sirara, kuma da su ake ciniki. Masu kauri 400 ake bayarwa a miskalin zinariya guda, sirara kuwa sai 600 ko 700. Daga can ake kai shi Gobir da Barno. Mutanen wancan zamani sun san farashin sanda yana bin yawan ƙarfen da ke cikinta. Haka abin yake har yau a shagon kayan wuta: kuɗin da kake biya na jan ƙarfen ne, robar da ke bisa riga ce kawai. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shi ne in ƙarfen ya gaza, asarar ba ta tsayawa a aljihu, tana iya kai wa ga rai.

MUTUM BIYU DA SUKA GANO DALILIN ZAFI

A 1827 wani malamin makaranta ɗan Jamus mai suna Georg Ohm ya fitar da lissafin da ya nuna kowace waya tana yi wa kuran tirjiya. In wayar ta yi tsawo tirjiyar ta ƙaru, in ta yi kauri ta ragu. Kamar tiyon ban ruwa ne a garka: siririn tiyo mai tsawo ba ya kai ruwa da ƙarfi, mai faɗi kuwa ruwa na gudu a cikinsa ba wahala.

Wajen 1840 sai wani ɗan Ingila, James Joule, ya gano inda wannan tirjiya ke tafiya: zafi take zama. Kuma ya gano abin da har yau mutane da yawa ba su lura da shi ba. In ka ninka kuran da ke bin waya sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa. In ka ninka sau uku, zafin ya tashi sau tara.

Mu ɗauki waya 1,5 ta jan ƙarfe. In amper 10 ke bi ta cikinta, kowane metir na layin, wato zuwa da komowa, yana fitar da zafi kamar wat 2 da rabi. Abin da sauƙi. In aka ɗora mata amper 20, zafin ya koma kusan wat 10 a kowane metir. A layi mai metir 20, wat 200 kenan na zafi ke dafa roba a cikin bango, inda ba iska, inda ba wanda ke gani. Robar ba ta kamawa rana ɗaya. Bushewa take yi a hankali, ta yi tauri, ta tsattsage, wata rana wayoyin biyu su taɓa juna.

1882: SHEKARAR DA AKA FARA RUBUTA DOKA

A watan Satumba na 1882 Thomas Edison ya kunna tasharsa ta titin Pearl a birnin New York na Amurka, ya fara sayar wa gidaje da ofisoshi kuran mai ƙarfin bolt 110. Wayoyin wancan lokaci da zaren auduga da ɗanyen roba ake naɗe su, a bi da su ta cikin katako. Ba a daɗe ba aka gane sabuwar fitilar da aka ce ta fi ta gas aminci ita ma tana tada gobara. A wannan shekarar ce ƙungiyar injiniyoyin Ingila ta fitar da ƙa'idojinta na farko na jan waya, ƴar takarda mai shafi huɗu, kuma sunan da aka ba ta ma ya nuna manufarta: hana gobarar da fitilar lantarki ke haddasawa. Amurka ta fitar da tata dokar ta ƙasa a 1897. Cikin waɗanda suka fi matsawa a yi waɗannan dokoki akwai kamfanonin inshora, don su ke biya in gida ya ƙone. Saboda haka lambobin da muke gani a jikin waya daga tokar gidajen mutane aka tattaro su.

Edison ya gamu da wata matsala kuma wadda ta shafe mu kai tsaye. Da bolt 110 kuransa ba ya wuce nisan kilometir ɗaya da ƴan kai sai ya raunana, in ba a zuba jan ƙarfe mai kauri da tsada ba. Lissafin mai sauƙi ne: wat shi ne bolt sau amper. In bolt ya yi ƙasa, dole amper ya yi sama kafin a samu aiki guda, kuma amper ne ke zafafa waya. Da aka koma ga kuran mai kai-da-komo da taransifoma a shekarun 1890, sai aka samu damar ɗaga bolt ya kai dubbai, a rage amper, a yi tafiya mai nisa da waya madaidaiciya. Mu riƙe wannan, don za mu sake gamuwa da shi wajen maganar sola.

HARSHE UKU A KASUWA ƊAYA

Kowace ƙasa da yadda ta auna wayarta, kuma duka ukun sun haɗu a kasuwanninmu.

Amurkawa suna da ma'aunin da kamfanin Brown & Sharpe ya tsara a 1857, wanda ake rubutawa AWG. Asalinsa daga maƙera ne. Ana jan ƙarfe ta cikin huda, kowane ja ya ƙara sirancewa, sai lambar ta zama kamar ƙidayar sau nawa aka ja shi. Shi ya sa a wurinsu babbar lamba ita ce siririyar waya. Lamba 14 kusan 2 ce a namu lissafi, lamba 12 kusan 3,3, lamba 10 kuwa ta ɗan wuce 5. Ana ganin wannan rubutu a wasu kayan sola da wayoyin mota. Wanda bai sani ba zai ɗauka 14 ta fi 10 ƙarfi, alhali akasin haka ne.

Ingila kuma da can da inci take aunawa, tana ƙidaya silin da ke cikin waya. Tsofaffin masu sana'a da suka koyi aiki a Kano ko Katsina za su tuna 3/029 da 7/029, wato sili uku ko bakwai. Ta farko kusan 1,3 ce, ta biyu kusan 3. Wajen 1970 Ingila ta koma milimetir, Najeriya ma ta bi.

Mu kuwa daga Faransa muka gaji namu, wato faɗin bakin jan ƙarfen in an yanke shi, a milimetir kare: 1,5 da 2,5 da 4 da 6 da 10 da 16. Dokar Faransa ta jan waya, wadda tun tsakiyar shekarun 1950 ake kira NF C 15-100, ita ce madogarar mafi yawan waɗanda suka koyi aikin kuran a makarantun sana'a na ƙasashen da Faransa ta mallaka.

YADDA KURAN YA SHIGO MU

A zamanin Nasara, kamfanin Energie AOF ne ya karɓi tafiyar da kuran ɗin Yamai a 1952. Bayan samun ƴancin kai ya koma SAFELEC, sannan a 1968 aka kafa NIGELEC. A lokacin, kowane babban gari da injinansa na gazuwal, kuma kuran na ofisoshi ne da gidajen ma'aikata da ƴan tsirarun attajirai. A 1976 aka kunna babban layin bolt dubu 132 daga Birnin Kabi zuwa Yamai, mai ɗauko wutar madatsar Kainji. A 1981 tashar SONICHAR mai aiki da gawayin ƙasa ta fara ba arewa wuta daga Anu Araren. A shekarun 1990 layin Katsina zuwa Gazawa ya haɗa Maraɗi da Damagaram da wutar Najeriya. Daga baya aka samu tashar Goru Banda a 2017 da tashar sola ta Malbaza a 2018.

Yanzu mu tuna gidan da aka ja wa waya a 1978 ko 1985. Me ke cikinsa? Ampul huɗu ko biyar, fanka ɗaya, rediyo, in an ci gaba talabijin. Duka ba su wuce wat 500 ba, wato amper 2 da ɗoriya a bolt 220. Waya 1,5 guda ɗaya ta ishe shi har da saura. Mai aikin bai yi laifi ba, daidai kayan zamaninsa ya ja.

Mu leƙa gidan nan yau. Ƴaƴa sun girma, an ƙara ɗakuna a baya, kowane ɗaki da amarya da kayanta. Dutsen guga na kuran yana jan wat 1000 zuwa 2000. Butar dafa ruwa wat 2000, amper 9 kenan ita kaɗai. Kilim mai doki ɗaya da rabi yana jan amper 5 zuwa 6 in yana tafiya, ya fi haka nesa lokacin tashi. Ga konjelatar na ƙanƙara da zoɓo da uwar gida ke sana'a da shi, ga famfon tura ruwa. In aka kunna buta da dutsen guga da kilim lokaci guda, ana iya haye amper 20. Wayar da ke cikin bango kuwa tana nan yadda aka bar ta shekara 40 da suka wuce, sai dai tsufa da ta ƙara. Kowane sabon ɗaki daga priz ɗin tsohon ɗaki aka ɗauko masa wuta, kowace sabuwar na'ura aka sayo mata ralonj. Wannan shi ne tarihin gidaje da shaguna da yawa daga Tawa har Damagaram: kaya sun ninka sau goma, waya ba ta motsa ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar da muka gada ta haɗa kowace waya da dizonktar ɗinta, wato maɓallin nan da ke faɗuwa da kansa in kuran ya yi yawa. Waya 1,5 kada dizonktar ɗinta ya wuce amper 16. Waya 2,5 amper 20. Waya 4 amper 25. Waya 6 amper 32. Fitilu a kan 1,5, manyan na'urori irin su injin wanki da na dafa ruwan wanka kowanne da nasa layi na 2,5, murhun kuran kuma 6.

Aikin dizonktar shi ne ya faɗi kafin waya ta dahu. Babban dizonktar da ke kusa da kontar ba zai yi wa ƙananan wayoyin cikin gida wannan aiki ba. In shi na amper 30 ne, wayar ɗaki kuma 1,5 ce, za ta iya jan amper 25 tana narkewa, shi yana tsaye bai ga laifi ba. Haka nan in ƙaramin dizonktar ya dinga faɗuwa, sai ka ji an ce "a sa babba." Wallahi wannan kamar mai gadi ne ya yi ihun ɓarawo, aka sallame shi don yana hana barci. Faɗuwar nan saƙo ce: ko a rage kaya, ko a ƙara kaurin waya. Tsohuwar dabarar ɗaure fis da silin waya in ya tsinke ita ma hanyar guda ce.

ABIN DA DOKAR BA TA SAN MU DA SHI BA: ZAFI

Nan ne maganar ta fi shafar mu. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne kada zafinta ya wuce digiri 70. Jadawalin da ke faɗin amper nawa kowace waya ke ɗauka an lissafa shi ne bisa cewa iskar da ke kewaye da ita digiri 30 ce. A Faransa digiri 30 rana ce mai zafi. A wurinmu, a watan Afrilu da Mayu, 30 sanyin asuba ne.

A digiri 30, waya 2,5 da ke cikin tiyo tana ɗaukar amper 24, ita kuma 1,5 amper 17 da rabi. Amma su kansu masu jadawalin sun rubuta cewa in zafi ya ƙaru a rage. A digiri 40 saura kashi 87 cikin ɗari. A digiri 45 saura kashi 79. A digiri 50 saura kashi 71. A digiri 60 rabi kacal. To mu tambayi kanmu: in inuwa tana 44 a Ƙonni ko Tawa, nawa ne tsakanin kwano da filafon da ƙarfe biyu na rana? Can ne fa muke bi da wayoyinmu. A digiri 50, wayar 2,5 ta koma amper 17, ta 1,5 ta koma 12. Kenan dizonktar na amper 20 da littafi ya yarda da shi a kan 2,5 ya riga ya yi mata yawa. Kuma lokacin da waya ta fi rauni shi ne daidai lokacin da muka fi kunna komai.

Akwai ƙari. In aka cusa layi biyu a tiyo ɗaya suna dumama juna, sai a rage zuwa kashi 80. In uku ne, kashi 70.

Shi ya sa mai aikin da ya san ƙasarsa yake sa dizonktar na amper 10 a kan 1,5, na amper 16 a kan 2,5, kuma in layi zai bi ƙarƙashin kwano da kaya mai nauyi sai ya hau mataki ɗaya, ya sa 4 inda littafi ya ce 2,5. In ya faɗa maka haka, ba kuɗinka yake so ya ci ba.

NISA MA KAYA NE

Gidajenmu ba irin na Turai ba ne. Kontar na bakin ƙofa, ɗakin ƙarshe na can ƙuryar gida. Wani kuma daga gida yake ja zuwa shago, ko zuwa famfo a garka. Doka ta ce kada ƙarfin kuran ya faɗi fiye da kashi 3 cikin ɗari a layin fitilu, kashi 5 a sauran, wato bolt 11 a cikin 220.

Ga lissafin amper 10 a nisan metir 100. Da waya 1,5 bolt 30 ke ɓacewa a hanya. Da 2,5 bolt 18. Da 4 kusan bolt 11. Da 6 bolt 7 da rabi. Ka ga amper 10 ba su fi ƙarfin 1,5 ba ta fuskar zafi, amma nisa ya sa sai 4 ko 6. In da ma kuran ya zo da rauni da yamma, aka ƙara masa wannan asara, sai ka ga fanka na juyi kamar mai jin barci, firigo na ƙoƙarin tashi yana kasawa. Moto in bai samu cikakken bolt ba ƙarin amper yake ja, ya yi zafi, ya ƙone. Firigo da famfo da yawa da aka kai wa mai gyara, siririyar waya ce ta kashe su.

BA DUK JA NE JAN ƘARFE BA

A tsakiyar shekarun 1960 jan ƙarfe ya yi tsada a duniya, sai Amurkawa suka koma ja wa gidaje wayar alminiyam, har zuwa farkon shekarun 1970. Daga baya aka ga mahaɗar wayoyin na sakin jiki, suna zafi, suna tada gobara, aka daina. Alminiyam ba haramun ba ne a aikin kuran, wayoyin da ke bisa turakun titi ma da shi ake yi. Sai dai kashi 61 cikin ɗari na aikin jan ƙarfe yake yi, don haka dole a ƙara masa kauri fiye da sau ɗaya da rabi, a kuma ɗaure shi da maɗaurin da aka yi dominsa.

Abin da ya shigo kasuwanni yanzu ya fi wancan haɗari, don a ɓoye yake: alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a bisa, ko kuma jan ƙarfe na gaske amma an rage shi an cika da roba, an buga 2,5 a jiki. Araha ba ta ado. Ga yadda za mu gane. A kankare bakin wayar da wuƙa, in ciki fari ne to alminiyam ne. A kara sili a wutar ashana, na jan ƙarfe ja yake yi ya tsaya, na alminiyam lanƙwashewa yake ya zube. A auna kaurin ƙarfen in mai sili ɗaya ne: 1,5 kusan milimetir 1,4 ne, 2,5 kusan 1,8, 4 kusan 2,3. A ɗora rulo a sikeli: metir 100 na 2,5 jan ƙarfensa kaɗai ya kai kilo 2,2, da roba wajen kilo 3, na 1,5 kuwa wajen kilo 2. Ɗan kasuwa mai gaskiya ba ya jin haushin wanda ya zo da wuƙa da sikeli. Sau da yawa shi ma haka aka kawo masa.

ZAMANIN SOLA

Ƙasar nan ta daɗe da sanin darajar rana. Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorantar ofishin makamashin rana, ONERSOL, tun ƙarshen shekarun 1960. Amma shigar sola gida-gida ta ƙara ƙarfi ne a ƴan shekarun nan, musamman bayan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke layin da ke kawo wajen kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗin ƙasar, har zuwa farkon 2024. Kowa ya nemi fanno da batir da gurup.

A nan ne matsalar Edison ta dawo cikin ɗakunanmu, har ta fi tasa. Batir bolt 12 ne. Kayan wat 120 da ke jan rabin amper a bolt 220, amper 10 suke ja a bolt 12. In ka bi da su ta waya 1,5 nisan metir 10, bolt 3 sun tafi, kashi ɗaya cikin huɗu na abin da fannonka ya tara ya ƙare wajen dumama roba. Da waya 6 asarar ba ta kai bolt ɗaya ba. Na'urar da ke juya wutar batir zuwa 220, in ta wat 1000 ce, tana jan sama da amper 80 daga batir. Wannan sai waya 25 ko 35, gajera, da fis dab da batir. Mutane na cewa bolt 12 ba ya kama mutum. Gaskiya ne, amma batir in wayoyinsa suka haɗu ɗaruruwan amper yake saki, wayar ta yi ja nan take. Wanda zai girka babba, ya nemi na bolt 24 ko 48, don amper ya ragu.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Manyanmu na Yamai ba su manta gobarar babbar kasuwa ta 1982 ba, wadda sai 1987 aka buɗe sabuwa a madadinta. Kowane gari cikin namu yana da irin wannan rana da ake tunawa. Kowace gobara da nata mafari, amma wadda waya ke haddasawa tana cikin waɗanda Allah ya ba mu ikon tarewa.

Kafin mu sayi waya, mu zauna da mai aikin mu amsa tambaya huɗu. Me za a kunna a layin, wat nawa in an haɗa, a raba da 220 a ga amper? Metir nawa ne nisan? Ta ina zai bi, cikin bango ko ƙarƙashin kwano? Wane ƙarfe ne a ciki? Sannan a zaɓi dizonktar daidai da wayar. Kilim da butar dafa ruwa da famfo kowanne ya samu layinsa daga akwatin rarraba wuta. Mahaɗa a ɗaure ta da domino cikin akwati, a daina murɗawa da hannu a naɗe da sikoc, don sakakkiyar mahaɗa ko a waya mai kauri zafi take yi. A sa wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, da dizonktar na miliamper 30 mai kare rai in kuran ya kama mutum. Ralonj kuma na caji ne da talabijin, ba na dutsen guga ba, kuma kada a yi aiki da shi a naɗe.

Masu tsofaffin gidaje da shaguna, ga alamomin da bai kamata a yi wa shiru ba: priz mai zafi in an taɓa, baƙin tabo a bakinsa, warin ƙonannar roba, fitila na dushewa in firigo ya tashi, dizonktar na faɗuwa kullum da rana tsaka. In an ga ɗaya, a kashe layin a kira wanda ya san aiki.

Ku kuma masu gini, mun san lokacin jan waya shi ne lokacin da aljihu ya gaji, an sayi siminti, an sayi kwano, an biya magina. Amma fenti ana sakewa, ƙofa ana canzawa, wayar da aka binne a bango kuwa ita za ta zauna da ƴaƴanmu da jikokinmu, kuma kayan da za su kunna sun fi namu yawa, kamar yadda namu suka fi na iyayenmu. A bar mata wuri tun yanzu.

Ƴan uwa masu sana'ar kuran da ke tare da mu, ku ƙara mana da abin da kuke gani a wuraren aiki, don jama'a su amfana. Allah ya tsare mu da gobara, ya tsare dukiyoyinmu da iyalanmu, ya sa mu ga damina lafiya. Amin.